Tabon da Ya Dawo Bayan Kujera

Ranar Litinin da safe aka wanke kafet ɗin falon tsohon Hedimasta. Kafin magariba ya faɗo daga kan kujerarsa yana jijjiga, kumfa tana fita ta gefen bakinsa. Waɗanda suka ɗauke shi zuwa asibiti sun ce falon yana ta ƙamshin maganin wanki, kuma kumfar bakinsa fara ce fat, irin wadda suka gani da safe tana bin tiyo tana zuba a kwata. Daga nan unguwa ba ta ƙara neman wani bayani ba.

Washegari 'yan sanda suka tafi da mai wankin kafet, wanda kowa yake kira Kumfa, suka haɗa da injinsa da jarkokinsa. Babban ɗan Hedimasta, wanda ake kira Injiniya, shi ya kai ƙara. Kafin azahar matar mai kanti ta tuna cewa tun da aka wanke nata kafet ɗin kanta bai daina ciwo ba. Wani ya ce kyanwarsa ta mutu, ko da yake da aka matsa masa ya yarda wata huɗu ne tsakani. Da yamma aka sace iskar tayoyin motar Kumfa duka huɗu.

Ranar Laraba matar Kumfa ta zo gidan mahaifinta. Ta same shi a tsakar gida yana ba tumatir ruwa a cikin tsofaffin gwangwanaye. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu harbin namun daji ba da izini ba, har sunansa na yanka ya ɓace aka bar shi da Mai Sawu. Yanzu gwiwa ta gaji, amma ido bai gaji ba.

"Baba, sun ce idan tsohon nan ya mutu, kisan kai za a rubuta masa."

Ya ajiye butar. Shi dai tun farko surukin nasa bai kwanta masa ba. Mutum ne mai yawan cika baki, wanda ya sa aka rubuta a jikin motarsa da manyan baƙaƙe cewa babu tabon da ya gagare shi. Amma cika baki daban, mugunta daban.

"Kin ci abinci?"

"Baba, wane abinci?"

"Shiga ki ci. Ki miƙo mini hulata."

* * *

Sufeton da ke riƙe da maganar ya san Mai Sawu tun yana ƙaramin ɗan sanda, lokacin da aka taɓa tura su daji tare neman wani makiyayi da ya ɓata. Da Mai Sawu ya isa ofishinsu, Sufeto ya ba shi kujera, sannan ya ɗauko wata jarka fara ya dire a kan tebur.

"Ga abin da ya ɗaure shi, Baba. Sauran jarkokin duk da takardar kamfani a jikinsu. Wannan ba ta da komai, kuma ya ƙi faɗin abin da ke ciki. Likita ya ce sakamakon jini sai mako mai zuwa."

Mai Sawu ya buɗe murfin ya shinshina. Ya tsoma ɗan yatsa, ya kai baki. Sufeto ya miƙe tsaye.

"Zauna," in ji Mai Sawu yana yamutsa fuska. "Ruwan khal ne, mai tsamin nan na kicin, da ruwan famfo. Uwar 'ya'yana da shi take wanke tukunyar shayi."

Aka fito da Kumfa. Kwana ɗaya kacal, amma ya zabge kamar wanda ya yi jinya. Ya durƙusa ya gai da surukinsa, idonsa a ƙasa.

"Me ya hana ka gaya musu abin da ke cikin jarkar nan?"

Kumfa ya dubi Sufeto, ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Baba, idan mutane suka ji da ruwan khal nake ɗauraye musu kafet, wa zai ƙara kirana? Su ƙamshi suke so, da jarka mai hoto."

"To mai hoton fa, me take yi?"

"Sabulu ne, Baba. Mai kyau dai, amma sabulu ne da turare. Aikin gaskiya ruwan zafi ne ke yin sa, da ƙarfin da inji yake zuƙe shi. Idan sabulu ya yi yawa ma ɓarna yake yi, ya maƙale a gashin kafet ya riƙa kama ƙura, bayan wata biyu ya fi da datti. Shi ya sa nake bin sa da ruwan khal." Ya miƙa hannayensa. "Shekara tara hannun nan yana cikinsa. 'Ya'yana a kan kafet ɗin da na wanke suka koyi rarrafe."

"Ka ga wani abu a falon da bai yi maka ba?"

Kumfa ya yi ɗan jim. "Babu. Na bar shi fes, na taje gashinsa gefe ɗaya, na mayar da kujeru, na ce kada a taka sai la'asar."

Mai Sawu ya lura da wannan ɗan jim ɗin. Ya nemi Sufeto ya ara masa mabuɗin falon, wanda aka kulle tun ranar Litinin.

* * *

Gidan Hedimasta ƙarami ne mai tsabta, da baranda da kujerun roba biyu. Mutum uku ya samu a ciki. Injiniya yana waya a bakin ƙofa, bai amsa gaisuwarsa sosai ba da ya ji ko shi wane ne. Mai jinyar da aka ɗauka tun da ɓarin jikin tsohon ya shanye tana ninke zannuwan gado a kicin. Matar Hedimasta, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune a baranda ta tallafe haɓarta da kan sanda.

Ya fara da mai jinya. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, da takalmin roba fari da idanun wanda bai samu barci ba.

"Wane magani yake sha?"

"Na hawan jini ƙwaya ce, ina daka ta. Na jijjiga kuma na ruwa ne, don haɗiya tana yi masa wuya. Safe da yamma." Ta ɗauko kwalbar daga kan firji ta nuna masa. Jan ruwa ne mai kauri, ya kusa ƙarewa. "Ka duba, Baba, yana tafiya daidai da kwanaki. Ban taɓa tsallake ko sau ɗaya ba."

"Ya taɓa irin wannan faɗuwar?"

"Sau biyu, a farkon ciwon. Tun da aka ɗora shi a kan wannan bai sake ba. Sai dai barci, wuni guda yana gyangyaɗi. Amma 'yan makonnin nan har ya warware, yana hira, yana sauraron rediyo. Muna ta murna."

"Na ji an ce kun yi faɗa da Injiniya makon jiya."

Ta ajiye zanen. "Na nemi hutun kwana uku in je in ga mahaifiyata, ya hana. Na faɗi magana, ya faɗi magana. Idan wannan ne zai sa in cutar da tsohon da nake wa wanka da hannuna, to Allah ya sani."

Ya fito baranda ya zauna kusa da Inna. Tsohuwa ce 'yar siririya, ƙafafunta babu takalmi, babban yatsan hagu ya karkace ya hau na kusa da shi. Sandarta irin ta asibiti ce, mai ƙafa huɗu.

"Sannu da haƙuri, Inna. Wa ya kira mai wanki?"

"Ni ce."

"Kafet ɗin ya yi datti ne?"

"Kiyashi ya dame mu." Ta ɗago ta dube shi. "Yaron nan da aka kama, yana da iyali?"

"'Yata yake aure. 'Ya'yansu uku."

Ta mayar da haɓarta kan sandar.

Mai Sawu ya buɗe falon, ya cire takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗaga labulen taga ɗaya kawai don haske ya shigo a kaikaice, kamar yadda yake jiran hantsi a daji kafin ya karanta ƙasa. Aikin surukinsa ya yi kyau, wannan ba ya musu. Kafet mai ruwan toka ya yi haske, gashinsa ya miƙe. Tsakiyar ɗakin an tattake ta lokacin da ake ɗaukar mara lafiya, babu abin karantawa a nan. Amma gefe da gefe tajin yana nan, kuma tajajjen kafet ya fi rairayin bakin rafi riƙe sawu.

Ya durƙusa da ƙyar, ya bi bango da rarrafe. Takalmin roba ya zo daga ƙofa ya tsaya a gaban ƙaramin tebur, ya juya ya koma. Daga teburin kuma wani sawun ya tashi, ƙafa ba takalmi, gajeren taku, da ɗigo huɗu a gefen dama. Bai tsaya a gaban kujerar Hedimasta ba. Ya zagaya ta gefe, ya shiga ɗan lungun da ke tsakanin kujera da bango, inda babu abin da zai kai mutum.

A nan ya ga layin kiyashi. Ya ja kujerar gaba.

Tabo ne babba, faɗin faranti, ja mai duhu, gefensa ya yi zobe. A tsakiyarsa akwai wani ƙarami, mai haske, wanda ya kwantar da tajajjen gashin. Ya danna babban yatsa, ya ji danƙo. Ya shinshina. Sannan ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya daɗe bai tashi ba.

* * *

"Ka ce ka bar shi fes," in ji Mai Sawu, bayan ya koma ofishin 'yan sanda.

Kumfa ya sunkuyar da kai. Sufeto yana tsaye a gefe.

"Tabon ya dawo ke nan?" in ji Kumfa.

"Ya dawo."

"Na san zai dawo, Baba." Ya goge fuska. "Da na ja kujerar na same shi, ya bushe ya yi tauri. Inna ta ce lemo ne ya zube. Sau shida na bi kansa har ya ɓace. Amma abin da aka daɗe ana zubawa wuri ɗaya ba ya tsayawa a sama, yana ratsawa ya shiga soson da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kafet. Inji saman yake wankewa. Idan kafet ya fara bushewa sai ya riƙa jawo na ƙasan, kamar yadda lagwani yake jan kananzir. Kwana biyu, uku, sai ka ga tabo ya fito kamar ba a taɓa shi ba."

"Babu maganin da ke hana wannan?"

"Babu, ko wane kamfani ne ya yi shi. Sai dai a ɗaga kafet a yanke soson a sa sabo. Na yi niyyar in koma in gaya musu."

"Kana ɗaure, ana maganar kisa, ka ɓoye wannan don kada a ce injinka ya gaza?"

"Ban ga alaƙarsa da maganar ba, Baba."

"A ganinka kwana nawa aka yi ana zubawa?"

Kumfa ya yi tunani. "Yadda ya ratsa ɗin nan, ba zai gaza wata biyu ba."

Mai Sawu ya juya ga Sufeto. "Kira likita yanzu. Ka ce masa ya daina neman abin da ya shiga jikin tsohon, ya duba abin da bai shiga ba."

* * *

Da la'asar aka taru a falon. Injiniya ya tsaya ya harɗe hannu. Mai jinya ta raɓe a bakin ƙofa. Inna ta zauna a doguwar kujera. Sufeto ya shigo da Kumfa, matarsa tana biye da shi. Maƙwabta suka cika baranda, matar mai kanti a gaba.

Mai Sawu ya nuna tabon. Ya karɓi kwalbar magani, ya ɗiga kaɗan a farar takarda, ya ajiye kusa da shi. Launi ɗaya ne. Kiyashi suka rabu biyu, wasu suka nufi takardar.

"Babban tabon nan tsoho ne," ya ce. "An wanke shi, ya ɓace, ya sake fitowa daga ƙasa. Ƙaramin kuma bayan wanki aka zuba shi, ranar Litinin da yamma, lokacin mai wanki ya daɗe da tafiya. Hedimasta ya yi kusan wata biyu bai sha maganin jijjiga ba. Abin da ya kayar da shi ke nan."

Injiniya ya juya kan mai jinya a hankali. "Ke ce kike ba shi magani."

"Ina aunawa in ajiye a tebur," ta ce. "In je in haɗa masa ruwan wanka. In na dawo kofin babu komai."

"Wa zai yarda da wannan? Sufeto, ga wadda za ku kama. Ta faɗa da bakinta cewa sai na yi da-na-sani."

Mai jinya ta fara kuka. Sufeto ya dubi Mai Sawu. Shi kuwa bai nuna sawun ba. Ya tsaya a kansa ma, ya rufe shi da ƙafafunsa, yana kallon ƙasa yana jira. A daji ya koyi cewa akwai abin da idan ka matsa masa zai gudu, idan ka tsaya cik zai fito da kansa.

"Ka ƙyale yarinyar nan," in ji Inna.

"Inna, ki bari..."

"Na ce ka ƙyale ta. Ni ce."

Kowa ya juyo ya dube ta. Ta dafa sandarta da hannu biyu.

"Shekara hamsin da biyu muna tare da ubanku. Mutum ne da ba ya rufe baki, kai ma ka sani. Ya karanta jarida ya yi mini bayani, ya yi musu da rediyo. Da aka kawo jan maganin nan sai ya zama kamar kaya a kan kujera. In yi masa magana, kansa ya langaɓe. Ku kuna wajen aiki, ita tana nata aikin, ni ina zaune da mutumin da yake numfashi kawai." Ta dubi kujerar. "Wata rana kofin ya suɓuce mini ya zube. Ban faɗa ba. Da yamma sai ga shi ya buɗe ido ya kira ni da sunan da yake kirana tun muna yara. Washegari na zubar da gangan. Na ce kwana biyu kawai. Sai ya fara dariya, ya fara gyara wa mai labarai kuskure. Kuka ce sauƙi ya samu. Na kasa komawa."

"Inna, me ya hana ki gaya mini?" Muryar Injiniya ta sauka. "Da mun koma wurin likita."

"Na gaya maka barcin ya yi yawa. Ka ce likita ya fi ni sani."

Injiniya ya zauna a hannun kujera.

Inna ta juya wajen Kumfa. "Ɗan nan, kwana biyu ina so in buɗe baki, tsoro ya hana ni. Na ji tsoron 'ya'yana su ce na kashe ubansu. Na bar ka a can, kai da ka ɗauke mini kujeru ka mayar ba ka ko sha ruwa ba. Ka yafe mini."

Kumfa ya durƙusa a gabanta. "Babu komai, Inna. Ni ma da na faɗi gaskiyar tabon tun ranar farko, da ba a kai nan ba. Gobe zan zo in canza soson."

A baranda mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Matar mai kanti ta ce ita dama ciwon kan nata ya fi kama da na rashin tabarau. Injiniya ya je ya tsaya a gaban mai jinya, ya ce ta ɗauki mako guda ta je ta ga mahaifiyarta. Sufeto ya rufe littafinsa ya ce shi abin da zai rubuta shi ne an samu kuskure wajen ba da magani, sauran kuma na iyali ne da likita.

* * *

Ranar Asabar Inna ta ce ba za ta shiga wurin mijinta ita kaɗai ba, kuma ba ta son 'ya'yanta su raka ta. Mai Sawu ta aika wa. Suka tafi tare, shi da gwiwarsa, ita da sandarta, suna hutawa a kowane benci na barandar asibiti. Likita ya tare su a hanya ya ce an canza wa Hedimasta magani zuwa wanda ba ya kawo barci sosai, kuma da an faɗa tun farko da tuni an yi hakan. Inna ta ce to, ba ta ɗago ba.

Hedimasta yana kishingiɗe, gefen bakinsa a karkace, goshinsa da filasta. Idonsa biyu. Inna ta tsaya daga nesa da gadon.

"Malam, akwai abin da na yi maka."

"Zo nan," ya ce. Maganar tana fita da nauyi, amma ana ganewa.

"Bari in faɗa tukuna. Maganinka..."

"Bayan kujera."

Ta tsaya.

"Jikina ne ya shanye, ba kunnena ba. Ina jin ƙarar zubarsa kullum." Ya ɗan numfasa. "Ina rufe ido ne don kada ki ji kunya."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Ni ma na gaji da barcin." Ya motsa hannunsa mai lafiya a kan bargo. "Laifin namu ne mu biyu. Za mu ba yaron nan haƙuri tare. Yanzu jawo kujera ki zauna, tsayuwa ba ta yi miki."

Inna ta jawo kujerar ta zauna, ta sa hannunta cikin nasa. Ya tambaye ta wa ya ba ta abinci kwanakin nan, ta ce ba ta jin yunwa, ya ce ƙarya take yi, ya ga wuyanta. Ta ce shi ma ya dubi madubi kafin ya yi maganar wuyan wani.

Mai Sawu ya ja musu ƙofa a hankali. Ya zauna a bencin waje yana murza gwiwa, yana jin muryoyinsu suna tashi suna sauka. Da ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare, sai ya roƙe ta ta fara da ɗakunan can ƙarshe.